Zobba Huɗu na Injin Hajiya Ladi

Tarihin ɗan Adam, in ni aka tambaya, kashi biyu ne kacal: zamanin da abubuwa ke kuka idan sun gogi juna, da zamanin da suka koyi yin shiru. Sarakuna da yaƙe-yaƙe da sauran abubuwan da ake wahalar da yara da haddarsu duk cikon takarda ne. Abin da ya raba zamunnan nan biyu wani farin zobe ne da faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi ba, wanda ake cusawa tsakanin sandar ƙarfe mai juyawa da ramin da take juyawa a ciki. Makanikai na ce masa bushin. Idan na nailan ne, ba ya tsatsa, ba ya neman giris, ba ya ƙara. Lif ɗin da ya kai ka hawa na talatin bai katse maka tunani ba, da gadon asibitin da aka tura ka a kai ba ka farka ba, da matakalar lantarki ta tashar jirgi, duk akwai nailan a gaɓoɓinsu. Birnin New York na taƙama da ƙarfe da gilashi, amma a kan roba yake zamewa.

Kusan haka na faɗa a wani taron suna a unguwarmu ta Park Hill, ga wasu samari da 'yan mata da suka tambaye ni aikin da na yi kafin gwiwa ta zaunar da ni. 'Yata Bilkisu, mai karatun injiniya, ta saurara cikin ladabi har na kai aya, sannan ta amsa da Turanci kamar yadda suka saba, wai ai Baba roba ce kawai, yanzu ma zanawa ake yi a kwamfuta a danna, inji ya tofo maka ita. Sauran suka yi dariya, aka kawo shinkafa, magana ta mutu. Tunda a taro ba a barin dattijo ya gama, bari in rubuta.

Aikina na farko bushin goma sha biyu ne na wani gidan wanki, na layin nan da ke zagayawa da riguna a rataye. Shekarata arba'in da shida a lokacin. Kafin in zo ƙasar nan na yi shekara goma sha huɗu ina koyar da aikin ƙarfe a wata makarantar fasaha a jihar Kano, ina da takardu cike da jaka. Mai shagon sassaƙar da ya ɗauke ni aiki, wani tsohon Bature ɗan ƙasar Folan da ake kira Yanek, yana da injinan sassaƙa uku a wani tsohon gini da ke bakin ruwa a Port Richmond. Bai buɗe jakar ba. Ya miƙo mini farar sanda mai kama da kyandir, ya nuna mini inji, ya koma kan jaridarsa.

Na ɗaure sandar yadda nake ɗaure tagulla, na matse ta sosai, na sa wuƙar yanka, na ba inji wuta. Ɓawon ƙarfe gutsurewa yake yi ya zuba ƙasa. Na nailan ba ya tsinkewa. Ya fito dogo kamar taliya, ya nannaɗe sandar, ya nannaɗe wuƙar, ya fara neman hannun rigata. Inda wuƙar ta bi ya narke ya yi kumfa, domin ƙarfe kwashe zafi yake ya tafi da shi, nailan kuwa inda ka ba shi zafi nan yake ajiye maka. Na rage gudu, na sake. Na huda rami, na auna, daidai. Na je na sha shayi na dawo, sandar ƙarfen da za ta juya a ciki ta ƙi shiga ramin. Abin ya huce ya tsuke bakinsa. Waɗanda sandar ta shiga kuma, da na kwance su daga inji, sai na ga ba zagayayyu ba ne, kusurwa uku suka yi, saboda matsar da na yi musu. Sha biyun duka suka tafi kwandon shara.

Yanek ya ajiye jarida, ya ɗauki ɗaya ya leƙa ni ta ramin. Tun daga ranar sunana a shagon Farfesa, kuma ba don girmamawa ba.

"Farfesa," in ji shi, "ƙarfe soja ne, ka ba shi umarni ya bi. Wannan ba soja ba ne. Ka yanka, ka bar shi ya yi tunani, gobe ka sake tambayarsa."

Nufinsa, a sassaƙa a bar saura kaɗan, a kwance, a ajiye ya kwana ya miƙe jikinsa, washegari a ƙarasa. Wata shida na yi ina share ɓawo da ɗaure kaya kafin ya sake barina in ƙarasa aikin da zai fita ƙofa. Ni da na kori ɗalibai daga aji saboda riƙon guduma.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dokarsa. Wuƙaƙen nailan aljihun teburinsu daban, an shafa masa farin fenti, kuma wuƙar da ta taɓa ƙarfe sau ɗaya ba ta sake shiga can. Da hannu muke wasa su har sai sun aske gashin damtse, domin dakusasshiyar wuƙa ba ta yanka nailan, tura shi take yi ya kauce, ta wuce ya dawo. Ruwan sanyaya inji ba ma sawa, iska muke hurawa. Akwai ƙugiyar waya ta janye ɓawo, kuma dalilin da ya sa ba a janyewa da hannu yana nan a yatsan Yanek na tsakiya, wanda ya fi 'yan'uwansa gajarta da gaɓa ɗaya. Sai ma'aunin da ake kira maikiromita, mai auna abin da bai kai kaurin gashi ba. A kan ƙarfe ba ya ƙarya. A kan nailan, in ka ƙara murɗawa kaɗan, zai gaya maka lambar da kake son ji. Na san mutane masu irin wannan hali, amma su ba a ajiye su a akwati mai auduga.

Sauran kayan kuwa, wanda ya shigo zai ɗauka kicin ne: babbar tukunya, ƙaramin obin na gasa burodi, da sikeli irin na masu harhaɗa magani. Waɗannan su ne ainihin sana'ar, don haka ku saurara. Nailan yana shan ruwa. Ba sai an tsoma shi ba, daga iska ma sha yake. In ya sha ya kumbura, in ya bushe ya motse. Sandar da ka auna a watan Agusta, lokacin da garin nan ke gumi, ta fi wadda ka auna a Fabrairu ƙiba, ko da ita ɗin ce. Bambancin kaurin gashi biyu ne ko uku, amma a wurinmu gashi biyu shi ne tsakanin inji mai tafiya da inji mai hayaƙi. Shi ya sa tambayar Yanek ta farko ga kowane mai kawo aiki ba girma ba ce, ba adadi ba ce. Cewa yake, ina abin zai zauna? In a kasuwar kifi ne ko wurin wanke kwalabe, sai a dafa shi a tukunya ya sha ya ƙoshi, sannan a ƙarasa sassaƙa. In wuri ne mai zafi da bushewa, sai a ɗauko daga kanta ta sama, ta kan hitar ɗumama shago, inda kaya ke yin makonni suna bushewa. Kowace sanda akwai ranar shigowarta a rubuce a jikinta da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki. In an yi shakka, a yanko ɗan ƙaramin yanki, a auna nauyinsa, a sa a obin ya wuni ya kwana, a sake aunawa. In ya ragu, to abin da ya fita ruwa ne.

Duk wannan na san shi tun kafin in ga Yanek. Na rubuta shi a allo da alli, na ja layi a ƙarƙashinsa, na kawo shi a jarrabawa, na kayar da yara a kansa.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Akwai mai gyaran lif da ke zuwa duk wata da tayoyi cikin bokiti. Akwai masu injin ɗaga kaya na tashar jiragen ruwa, da ke son kurar da igiyar ƙarfe ke bi ta kai ta zama ta nailan, don ƙarfe a kan ƙarfe cin juna suke yi, nailan kuwa lallaɓa igiyar yake ta daɗe, ga shi mutum ɗaya na iya ɗaukar abin da a da sai uku. Wanda zai zauna a rana baƙi muke ba shi, don farin tsattsagewa yake yi. Wanda zai zauna kusa da ruwan batir ba ma karɓa ko kaɗan. Akwai wani iri da aka cakuɗa da garin gilashi don ya yi ƙarfi, wanda ke cinye wuƙa kafin azahar, Yanek kan gaishe shi da kalmomin da bai taɓa fassara mini ba.

Na tuna wani mai gidan abinci da ya zo da giyar injin niƙa nama, ta nailan, haƙoranta sun zube. Ya ce a yi masa ta ƙarfe, ya gaji da roba. Yanek ya ce masa waɗanda suka ƙera injin ba rowa ce ta sa su ba, sun sa ta ne don in ƙashi ya maƙale ita ta mutu injin ya rayu. Mutumin ya ce bai zo karatu ba. Ya tafi wani shago aka yi masa ta ƙarfe. Bayan wata biyu ya dawo da giyar lafiya ƙalau a hannu, yana tambaya ko mun san inda ake sayar da sabon inji.

Shekarar da ta ɓaci ita ce ta guguwar nan, ƙarshen Oktoba na dubu biyu da goma sha biyu, lokacin da teku ya hau tsibirin da muke zaune a kai. Ɗakinmu na ƙasa, inda muke ajiye kaya, ya cika har rufi. Cikin shagon ruwa ya kai gwiwa. Babu wuta, babu famfon janye ruwa, kowa a unguwar nema yake, sai da ɗakin ƙasan ya yi fiye da mako biyu a cike. Gidan Yanek shi ma ruwa ya shiga, ya kwashi ciwon ƙirji wajen kwasar laka, 'yarsa ta zo ta tafi da shi wata jiha. Ya bar mini makullai. Karo na farko ke nan da ya bar mini wani abu ba tare da ya tsaya a bayana ba.

Da muka samu sauka ƙasa, ni da wasu maƙwabta da suka zo taimako, sandunan ƙarfe sun yi ja da tsatsa, tagulla ta yi kore, duk muka fitar. Sikeli da obin ruwan gishiri ya kashe su. Nailan kuwa muka sa masa tiyo, laka ta wanke, ya fito fari tas kamar ranar da aka kawo shi. Rubutun maka ya tafi tare da lakar. Maƙwabtan, Allah ya saka musu, suka jera komai a kanta ta sama, na ƙasa da na sama a haɗe, manya da manya, ƙanana da ƙanana, gwanin sha'awa. Na tsaya na duba na ce alhamdu lillahi, nailan ba ya tsatsa. Idon maƙerin ƙarfe ke nan: abin da bai yi ja ba, lafiyarsa lau.

A farkon Disamba Hajiya Ladi ta kira ni. Da ƙanenta muke sallah tare a Park Hill, shi ya ba ta lambata. 'Yar Zangon Kumasi ce. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana kula da tsofaffi a gidajensu, wanka da ciyarwa da juya su a gado, kafin ta buɗe ɗan gidan burodi a Soundview, can ɗaya gefen birni, ita da mata biyu, suna yin burodin sukari irin na Ghana, wanda su suke ce wa paanu. Wani Alhaji mai shagunan kayan abincin Afirka guda biyar ya ɗanɗana, ya ba ta gwaji: ta cika masa mota kullum tsawon watan Janairu. In ta cika, ta zama mai burodinsa. In ta saɓa, ya koma wurin mutuminsa na da. Ta gaya mini wannan ita ce ƙofar da ta jira shekara goma sha ɗaya, don cinikin unguwa kaɗai ba ya riƙe shagon.

Bas, jirgin ruwa, jirgin ƙasa, awa biyu kafin in isa. Injin murza kwaɓi ne, tsoho, ƙirar Italiya, da manyan sanduna biyu da fulawa ke bi ta tsakaninsu. Kowace sanda na zaune a kan bushin biyu na tagulla, huɗu ke nan, duk sun cinye. Injin na ihu kamar ana yanka shi, baƙin giris na ɗiga cikin kwaɓi. Taku biyu ne tsakaninsa da obin. Na tuna na cire kwat, na cire rigar sanyi, na ce a raina: zafi, bushewa, kanta ta sama. Wato na yi tambayar Yanek, na kuma ba da amsa daidai.

"Ticha, ba a sayar da abin ne?" in ji ta. "In ana sayarwa gaya mini in aika, kar in wahalar da kai da wannan tafiya."

Na dubi ɗan allon ƙarfen da ke jikin injin. An bi ta kansa da fenti sau uku ko huɗu, ba a ganin komai sai rabin suna.

"Hajiya," na ce, "kamfanin da ya ƙera wannan ya riga mu gidan gaskiya. Sai dai a sassaƙa."

Da muryar aji na faɗa, wadda ba a yi mata tambaya. Na kuma yarda da abin da na faɗa, domin injin ya yi kama da maraya. Na ba ta shawarar a bar tagulla a koma farin nailan, irin wanda aka yarda ya kusanci abinci: ba giris, ba ƙara. Shawarar daidai ce, ko yau ita zan bayar. Ta ce Allah ne ya kawo ni, ga ɗan'uwa Bahaushe, ga ilimi, ba sai ta yi ta fama da Bature yana kallonta kamar ba ta san injinta ba.

Na koma shago na tarar da bututun nailan daidai girman da nake so a kanta ta sama, fari, mai siririn bango. Siririn bango shi ne wanda ruwa ke ratsawa da wuri, wannan ma yana cikin darasin da na rubuta a allo. Na ƙwanƙwasa shi a tebur. Busasshen nailan ƙwas yake cewa, wanda ya sha ruwa dif. Ya ce dif. Na yanke hukunci cewa teburin ne bai gama bushewa ba. Na ɗora a inji, ya yanku sumul, ɓawo na zuba kamar ana warware zare, ban taɓa jin daɗin yanka irin na ranar ba. Wannan ma shaida ce, don jiƙaƙƙe ya fi laushi. Na ɗauke ta a matsayin shaidar ƙwarewata.

Zan iya yanko yanki in kai gida in sa a obin ɗin uwargida, in roƙi mai kantin magani ya auna mini. Kwana ɗaya ne. Zan iya yin odar sabo, ko da zai yi kwana goma, ina da mako uku a hannu. Zan iya kiran Yanek, yana kwance ba abin da yake yi sai kallon rufi. In na ce gaggawa ce ta hana ni, na yi ƙarya. Ban so Farfesa ya buga waya a aikin farko da aka bar masa shi kaɗai yana tambayar abin da ke shafin farko na littafi ba.

Zobban nan huɗu su ne aiki mafi kyau da hannuna ya taɓa yi. Na bar su suka kwana, na ƙarasa, na auna da hannu mai sauƙi, babu wanda ya kauce da rabin gashi. Na kai su Soundview na buga su da gudumar roba suka zauna daram. Da aka kunna, sai da Hajiya ta ɗora tafinta a jikin injin don ta tabbatar yana tafiya. Ta kira matan nan biyu su zo su ji abin da ba a ji.

"Ticha, ka yi wa Alhajina na gida guda biyu mana," in ji ta, "ka sa masa a hanci, ko munsharinsa ya bar mu mu samu barci a gidan."

Ta cika mini leda da paanu mai zafi. Na raba wa mutane a jirgin ruwa, ina jin kaina kamar wanda ya gina gada.

Mako biyar suka yi kusa da obin, a tsakiyar hunturu. Ranar tara ga Janairu, bayan azahar, ta kira ta ce injin ya tsaya yana wari. Na isa da la'asar. Abin da ya faru ba shi da wuyar fahimta. Nailan ya mayar da ruwan tekun da ya sha, ya motse. Da zobe ya motse, cikinsa ya rungume sandar, bayansa ya saki ramin da na buga shi a ciki. Maimakon sanda ta juya a cikinsa, sai ya dinga juyawa tare da ita, yana gugar bango, yana zafi, har ya narke ya haɗu da garin fulawa ya daskare. Sanda ta cije. Matan suka yi abin da kowa zai yi, suka kashe suka kunna, suka sake kashewa suka kunna, har koyil, naɗin wayar da ke juya injin, ya ƙone. Na gefe guda, wanda bai narke ba, wanda na shigar da guduma, da yatsa biyu na zaro shi.

Ta tambaye ni me ya faru. Na ce zafin obin ne ya yi wa nailan yawa. Ba ƙarya ce zalla ba, irin gaskiyar nan ce da ake yankawa a bar saura. Ta dubi tiren kwaɓi da ke jere suna tashi, ba injin da zai murza su.

"Ka yi haƙuri, Ticha," in ji ta. "Wahalarka ta tafi a banza. Da na sani da na matsar da shi daga wuta."

Na ce ba komai.

Masu naɗin koyil duk aikin ambaliya ya yi musu yawa, kowane ɗakin ƙasa a birnin da mataccen inji a ciki. Kwana goma sha biyu aka yi. Na yi odar sabon bututu, busasshe a cikin ledarsa, ya iso a kwana huɗu, na sassaƙa wasu huɗun, suka zauna jiran koyil. Su kuwa mata uku suka koma murzawa da muciya da hannu. Rana ta farko suka cika rabin mota, ta biyu ba su kai rabi ba, hannun ɗayarsu ya kumbura. Rana ta huɗu motar Alhaji mai shaguna ba ta zo ba. Bai yi faɗa ba, an ce har addu'a ya yi mata a waya. Injin ya tashi a ƙarshen wata, shiru kamar da, yana murza burodin mutanen layi biyu. Bayan ƙaramar sallah ta rufe shagon.

Yanek ya dawo a watan Maris, ya rame, da sabon sikeli a ƙarƙashin hammata. Na jera masa zobban a tebur, narkakku uku da mai rai ɗaya, da ragowar bututun. Ya yanki ɗan yanki ya auna, ya sa a sabon obin, washegari ya sake aunawa, ya rubuta lambobin biyu a jikin bututun, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ya bar mini lissafin. Sannan ya ɗauki zoben da bai narke ba, ya juya shi a haske, ya bi cikinsa da guntun yatsansa.

"Aikin hannu mai kyau, Farfesa," in ji shi.

A shekara bakwai da na yi da shi, wannan ne yabo ɗaya da ya taɓa yi mini. Duk kayan da ke kanta ya hana a taɓa su har shekara ta zagayo. Bai rage mini matsayi ba, bai kuma sake barin mini makulli ba. Da ya sayar da ginin aka mai da shi wurin ajiyar kaya, ni ma gwiwa ta riga ta gama shawara.

To, ku masu dannawa inji ya tofo, ban ce injinku ba ya aiki ba. Zai ba ku abin da kuka zana, kamar yadda hannuna ya ba ni abin da na auna. Ba zai tambaye ku ina abin zai zauna ba, ba zai tambaye ku ina ya kwana kafin ya zo hannunku ba. Na bincika wurin Bilkisu, ta amsa da ƙyar cewa zaren nailan da suke ɗura wa injin nasu ma a rufaffen akwati suke ajiye shi, har gasa shi suke kafin aiki. Wato tukunya da obin suna nan, an dai sake musu suna.

Hajiya Ladi ban sake ganinta ba sai bayan shekara biyar. Ƙanenta nakan gaishe shi a masallaci in yi sauri in nemi takalmina. Wata rana da hantsi, a jirgin ruwa mai zuwa tsibiri, na ji an ce Ticha. Tana zaune bakin taga da shuɗin kayan masu kula da tsofaffi a ƙarƙashin mayafi, za ta wurin wata tsohuwa da aka ba ta a can gefenmu. Muka gaisa, ta tambayi uwargida da yara, na tambayi Alhajinta, ta ce munshari sai abin da ya ƙaru. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba, na ga in ban faɗa yanzu ba, sai a lahira, inda ba a barin mutum ya tsara jimlolinsa. Na gaya mata komai: ɗakin ƙasa, da dif ɗin da na ji, da wayar da ban buga ba. Na ce ba obin ba ne, ni ne.

Ta saurara tana ɓare lemo. Ta miƙo mini rabi. Ta ce abin da Allah bai rubuta mata ba, ba ni zan rubuta ba, ta yafe, kuma tsohuwar da take kula da ita yanzu mutuniyar kirki ce, ba ta cizo. Sannan, don ta sauƙaƙa mini, ta ce kar in damu da injin, yana nan yana aiki. Wani ɗan Dominika da ke layinsu ya saya. Zobbana na biyu sun yi masa shekara huɗu kafin su cinye, ya yaba ƙwarai.

Na tambaye ta wa ya sassaƙa masa wasu, don na san masu wannan aiki a birnin sun kusa ƙarewa.

Ta ce babu wanda ya sassaƙa. Mutumin ya kankare fentin da ke kan ɗan allon nan da bakin cokali, ya karanta lambar a waya. Kamfanin yana nan da ransa, yana da dila a New Jersey. Bushin ɗin na nailan ne, huɗu a leda ɗaya, kwana biyu ake kawowa.